Kafin Kwana-kwana Ta Iso, Wa Zai Kashe Gobarar Ƙauye?

Jama'a rubutun nan yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri a karanta zuwa ƙarshe, musamman mutanenmu na shiyyar Funtua.

Kaka ta zo ƙarshe, hunturu ya fara kaɗawa. Duk wanda ya bi hanyar Funtua zuwa Bakori har Malumfashi a 'yan kwanakin nan, ko ya ratsa ta Danja, Kafur ko Dandume, ya ga yadda garuruwa suka cika. Masara a buhu an jera a zaure da sito, dawa dami-dami a bakin rumbu, waken suya na jiran injin casa, auduga a ɗure ana jiran mai saye, harawa a kan soro da bisa itace, kara kuma an jingine shi jikin kowace danga. Wahalar shekara guda ke nan, har da bashin taki da kuɗin maganin feshi da na 'yan ƙwadago, duk a wuri ɗaya, a bushe ƙayau. Ƙyastun ashana ɗaya ya ishe ta.

Daga yanzu har faɗuwar ruwa mun san abin da za mu riƙa gani a Facebook. Hoton toka da kwanon rufi a lanƙwashe, a ƙasa an rubuta Innalillahi, mu kuma mu jera "Allah Ya mayar da alheri". Bayan kwana biyu wani ɗan siyasa ya kai buhunan shinkafa da bandir ɗin kwano a ɗauki hoto. Wani kuma ya tashi ya zagi 'yan kwana-kwana, ya ce ba su zo ba, ko sun zo babu ruwa. Shi ke nan an rufe babin sai wata gobarar.

Maganata ɗaya ce. Ko da gwamnati ta ninka motocin kashe gobara sau uku, ba za su ceci rumbun mutumin ƙauye ba. Waɗanda ke da damar tsayar da wuta su ne mutanen da ke tsaye a kanta cikin minti goma na farko, kuma su ne har yau ba a koya wa komai ba, ba a ba su ko bokiti ba. Don haka nake ganin lokaci ya yi da kowace mazaɓa a yankin nan za ta samu 'yan agajin gobara nata, mutanen gari, horarru, ƙarƙashin kulawar hukumar kashe gobara ta jiha.

Mu fara da lissafi

Shiyyar Funtua ƙananan hukumomi 11 ce: Funtua, Bakori, Danja, Dandume, Sabuwa, Faskari, Kankara, Malumfashi, Kafur, Musawa da Matazu. Mu ɗauka, don a sauƙaƙa magana, kowace hedikwata tana da mota lafiyayya, da mai a tanki, da ruwa a cike, da direba a farke. Wuta ta tashi a wani ƙauye kilomita 20 daga sakatariya. Sai an samu wanda ke da lambar da za a kira. Sai an samu sabis. Sai an kwatanta wa direba hanya, tunda ƙauyukanmu ba lambar gida gare su ba, sai dai "idan ka wuce kukar nan ka karya hagu". Motar kuma mai nauyi ce, ba za ta yi gudun babur ba a kan burji mai ramuka da kwalbatin da ruwan damina ya cinye gefensa. Idan ta iso cikin minti 40, wallahi ta yi ƙoƙari.

To ɗakin jinka minti nawa yake ci? Duk wanda ya taɓa gani ya sani, kafin ka je rijiya ka dawo ya zube. Idan akwai iska, tartsatsi ya haura danga ya faɗa kan harawar maƙwabci, daga nan sai rumbu, daga nan sai turken dabbobi. A minti 40 ɗin nan ba gida ɗaya ake magana ba, rabin unguwa ne.

Sai maganar ruwa, wadda mutane da yawa ba su fahimta ba. Mu ce motar na ɗauke da lita 5,000. Idan mesa na fitar da lita 500 a minti ɗaya, cikin minti goma tanki ya ƙare. A manyan biranen duniya akwai famfunan gobara a bakin titi, mota na zuwa ta jona ta ci gaba da aiki. Mu a nan sai ta juya ta nemi inda za ta sake ɗiba, ko madatsar Mairuwa, ko Gwaigwaye, ko wata rijiyar burtsatse mai ƙarfi, ta dawo. Mai gidan da ke ƙonewa ya ga mota ta yi 'yan mintuna ta juya, sai ya rantse cewa sun zo babu ruwa. Daga nan sai jifa. Na sha jin labarin an jefi 'yan kwana-kwana, kuma duk sanda na ji sai raina ya ɓaci. Ma'aikaci ne kamar ni, albashinsa bai kai shi ƙarshen wata, ya shiga hayaƙi saboda dukiyar wani, ladarsa dutse a ka. Ba shi ya tsara nisan ƙauye ba, ba shi ya haƙa ramin hanya ba.

Ga kuma abin da ba ma son faɗa amma kowa ya sani. A sassan Faskari, Sabuwa, Dandume da Kankara, shekarun nan akwai hanyoyin da ba a bi idan rana ta faɗi. Wane shugaba ne zai tura yaransa da jiniya cikin daji da ƙarfe biyun dare? Gobara kuwa ta fi son dare.

Kada ma a ce matsalar ƙauye ce kawai. A watan Maris na 2021 babbar kasuwar Katsina ta ƙone, a cikin babban birnin jiha, inda hedikwatar komai take. A 2016 kasuwar Sabon Gari ta Kano ta yi irin wannan. Idan wuta ta riga ta yi ƙarfi, ko a birni motoci sai dai su hana ta yaɗuwa. Ina ga Unguwar Malam Wane da ke bayan rafi?

Abin da na sani daga cikin ofis

Shekaruna kusan ashirin a aikin gwamnati, na ga yadda fayil ke tafiya, bari in faɗi wani abu ba tare da na kama sunan kowa ba, don ciwo ne da ya game ƙasar baki ɗaya. Sayen sabuwar mota yana da sauƙin wucewa. Kwangila ce, akwai bikin ƙaddamarwa, akwai yanka kirtani, akwai 'yan jarida. Abin da ke da wuya shi ne kuɗin gudanarwa na wata-wata: man dizal, taya, batir, gyaran injin tura ruwa, kumfar kashe wutar mai, takalmi da hular ma'aikaci. Waɗannan ba su da biki, don haka su ake fara yankewa idan kuɗi ya yi ƙaranci, su ake jinkirta saki. Shi ya sa za ka ga motar miliyoyi a kan duwatsu saboda abin da bai kai kuɗin taron bita ɗaya ba.

Ban faɗi haka don a daina sayen motoci ba. Funtua gari ne na masana'antu da sito-sito, ga masaƙa, ga gidajen gurzar auduga, ga tashar tsandauri da aka buɗe a 2024, ga manyan hanyoyin Zariya, Gusau da Katsina sun haɗu a cikinsa, tankokin mai na wucewa dare da rana. Irin wannan gari yana buƙatar tasha mai ƙarfi da ƙwararru na dindindin, haka Malumfashi. Abin da nake cewa, tsarin da ya dogara ga mota kaɗai ya bar mutumin karkara a waje tun daga takarda.

Abin da muke da shi a hannu

Mutanenmu ba su da ƙarancin zuciya. A yi ihun "gobara!" a kowane ƙauye ka ga yadda maza da mata ke fitowa, wannan da bokiti, wannan da baho, wannan da ganyen darbejiya. Jinin gayya ne, mun gaji cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abin da ya yi ƙaranci shi ne sani da tsari.

Shekarun baya na je jaje wani ƙauye wajen dangin mahaifiyata. Wutar ta fara ne daga ɗakin wani yaro mai sayar da fetur a kwalba, ya ajiye jarkokinsa a ciki. Bawan Allah na farko da ya iso, da kyakkyawar niyya, ya watsa bokitin ruwa. Fetur ya hau kan ruwan ya biyo shi waje da wutarsa, ya shiga gindin danga. Gidaje da dama suka tafi, har da rumbunan da ba a taɓa ko dami ɗaya a ciki ba. Abin da ya tsaya mini a rai, a ƙofar gidan akwai tulin yashi da aka sauke don gini. Babu wanda ya san cewa maganin yana nan a gabansu. Wani dattijo ya ce da ni, "Ɗana, mu dai mun san ruwa ke kashe wuta." Gaskiyarsa, wa ya taɓa gaya masa akasin haka?

Irin ilimin da nake magana a kai ba na jami'a ba ne. Ba a zuba wa wutar fetur ko ta man girki ruwa, yashi ake zubawa ko a rufe da jiƙaƙƙen buhu ko bargo. Ba a watsa ruwa kan waya mai wuta sai an cire fis ko an kashe daga mita, haka batirin sola. Idan wuta ta fi ƙarfin ɗaki, a bar ɗakin, a duba inda iska ke kaɗawa a rushe danga da zana da ke gabanta, a janye kara da harawa, ta rasa abin ci. Hayaƙi ya fi harshen wuta kisa, don haka mai shiga ceto ya sunkuya ƙasa da jiƙaƙƙen ƙyalle a hanci, kuma kada ya shiga shi kaɗai. Wanda rigarsa ta kama kada ya ruga da gudu, a kwantar da shi a birgima shi ko a lulluɓe shi. Ƙuna kuma ruwa mai sanyi ake zuba mata kamar na minti 20 a wuce asibiti, ba manja ba, ba ɗanyen ƙwai ba, ba man goge baki ba, ba baƙin mai ba. Auduga tana cin wuta ta ciki a ɓoye, ka ɗauka ta mutu, cikin dare ta sake tashi, don haka sai an ware ta an tsaya gadinta. Duk wannan za a iya koya wa mutum cikin kwana uku.

Kayan aikin ma da yawa suna nan, ba a dai taɓa kallonsu da idon gobara ba. Manoman rani na Danja, Kafur da Bakori suna da injin ban ruwa da dogayen mesa, injin da mutum biyu ke ɗora wa babur. 'Yan garuwa suna da kura cike da jarkoki. Gidajen buga bulo da na ruwan leda suna da burtsatse da manyan tankuna. 'Yan acaɓa sun san kowane lungu. Kowane masallacin Juma'a yana da lasifika. Sama da duka muna da 'yan agaji, na Izala, na Fityanul Islam, na Jama'atu Nasril Islam, da 'yan Red Cross. Mutane ne da suka saba aiki don Allah, suna da kaki, suna da shugabanci, sun iya tsare layi da korar cunkoso, muna ganinsu a filin Idi da wajen tafsiri da asibitoci. Rabin aikin an riga an yi shi.

Yadda wasu ƙasashe suka yi

Wani zai ɗauka ƙasashen da suka ci gaba ma'aikatan gwamnati ne ke kashe musu kowace wuta. Ba haka ba ne. A Jamus masu kashe gobara na sa-kai sun kai kimanin miliyan ɗaya, ma'aikatan dindindin kuwa a manyan birane suke. Manomi ne, makaniki ne, malamin makaranta ne, ƙararrawa ta buga ya ajiye aikinsa ya fita, kuma doka ta tilasta wa mai gidansa na aiki ya sake shi. A Faransa kusan huɗu cikin kowane biyar na masu kashe gobara 'yan sa-kai ne. A Amurka kusan kashi biyu cikin uku, kuma al'adar ta tsufa, tun 1736 Benjamin Franklin ya kafa irin wannan ƙungiya a Philadelphia. Waɗannan ƙasashe ba talauci ya sa su haka ba. Lissafin nisa ne, irin wanda muka yi a sama. Babu gwamnatin da za ta iya ajiye ma'aikaci mai albashi a kowane ƙauye yana jiran wutar da watakila sau ɗaya za ta tashi a shekara. Abin da gwamnati ke yi shi ne horo, kayan aiki, doka da inshora.

Mu kuma tsarinmu tun asali na birni ne. Aikin kashe gobara a Nijeriya ya faro ne a Legas a farkon ƙarni na 20 a matsayin wani sashe na 'yan sanda, sai a 1963 aka yi dokar da ta tsayar da hukumar tarayya. Jihohi suka ɗora nasu kan wannan fasali: tasha a gari, mota a tasha. Manomi bai shigo cikin zanen ba.

Amma yankin nan ya taɓa zama wurin gwaji ga ƙasa baki ɗaya. A tsakiyar shekarun 1970 aka fara shirin bunƙasa aikin gona na Funtua da tallafin Bankin Duniya, tare da na Gusau da Gombe, daga baya tsarin ya bazu zuwa dukkan jihohi. Iyayenmu suna tuna malamin gona a kan babur yana bin ƙauyuka yana koyarwa. Irin wannan nake so a yi wa gobara: ɗan kwana-kwana ya zama malami mai zagaye, maimakon ya zauna a tasha yana jiran waya.

Shawarata a taƙaice

1. A kowace mazaɓa a zaɓi mutum goma zuwa goma sha biyar, mazauna garin da ba sa tafiya ci-rani. A haɗa da ɗan agaji, mai injin ban ruwa, ɗan garuwa, ɗan acaɓa, mai gyaran wutar lantarki, da ma'aikacin asibitin sha-ka-tafi. Jihar Katsina na da mazaɓu 361, kowace ƙaramar hukuma goma ko fiye kaɗan, wato shiyyarmu ta haura 110. Goma-goma kawai ya ba mu sama da mutum 1,100 da suka san abin yi.

2. Dole a sa mata. Gobarar gida da rana daga murhu da tukunyar gas da kaskon jin ɗumi take farawa, lokacin maza suna gona ko kasuwa, kuma baƙon namiji ba ya faɗawa gidan kulle kai tsaye. A koyar da malaman Islamiyya mata da ungozomomi, su kai ilimin cikin gidaje.

3. Zaɓen ya bi ta hannun mai unguwa, dagaci da limami, hakimi ya sa ido. Idan Sarkin Maska a Funtua, Galadiman Katsina a Malumfashi da Makama a Bakori suka rungumi abu, dagatai ba za su yi wasa da shi ba.

4. Horo daga hukumar kashe gobara ta jiha, a firamaren garin, kwana uku, da maimaici kowace shekara kafin a fara girbi. A yi gwaji da wuta ta gaske a fili, kowa ya riƙe mesa da hannunsa.

5. Kaya masu sauƙi, a ajiye a wuri ɗaya da kowa ya sani, makulli a hannun mutum biyu: injin tura ruwa ɗaya da mesa, bokitai, shebur, gatari, ƙugiyar janye zana, tocilan, bargo, 'yan tukwanen kashe wuta, safar hannu da takalmi. Inda hali ya yi, a ƙara kurkura mai ɗauke da tankin ruwa, ita tana shiga lungun da babbar mota ba ta shiga.

6. Kowane gari ya san ruwansa tun kafin ranar. Wace rijiya ce ba ta ƙafewa da rani, wane mai burtsatse ya yarda a buga masa ƙofa da dare, wane kududdufi ke riƙe ruwa har bazara. A rubuta a manna a masallaci tare da lambar tashar kwana-kwana mafi kusa da lambar gaggawa ta ƙasa, 112. Ba a fafe gora ranar tafiya.

7. Babban aikinsu rigakafi. Su zagaya a farkon hunturu: a raba tarin kara da ɗakin kwana, a share layi kewaye da inda aka tara amfanin gona, a fitar da jarkar fetur daga cikin gida, a raba taki da maganin feshi da buhunan hatsi a sito, a ja kunnen yara masu cinna wa daji wuta don farautar gafiya. A kasuwanni irin na Dandume, Sheme da Dayi, su haɗa kai da sarkin kasuwa a buɗe hanyoyin da rumfuna suka toshe, a duba wayoyin da aka yi wa jone-jone.

8. Makarantun allo su zama a sahun gaba. A watan Fabrairu na 2025 almajirai 17 suka rasu a gobara cikin dare a Kauran Namoda. A Maraɗi, a Nuwamba 2021, yara sama da 20 suka ƙone a azuzuwan zana. Mu leƙa inda almajiran unguwarmu ke kwana: ƙofa nawa ɗakin yake da ita, ina aka tara karan wutar karatu?

Kuɗin fa? A watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa kuɗin ƙananan hukumomi nasu ne, a ba su kai tsaye. To ga aikin da ya dace da ciyaman da kansila, kuma ba mai tsada ba ne. 'Yan majalisa masu rabon babura da kekunan ɗinki su ma ga inda za su sa hannu. Ƙungiyoyin 'yan kasuwar hatsi da na auduga su ne suka fi kowa asara idan sito ya kama, su ma su kawo nasu.

Abubuwan da na san za a ce

Na farko, za a ce ina sauke wa gwamnati nauyinta ina ɗora wa talaka. Ku sake duba jerin nan: horo na gwamnati ne, kaya na gwamnati ne, kulawa ta gwamnati ce. Ƙarin aiki na ba ta. Talaka kuwa yanzu ma shi ke kashe wutar, hannu rabbana, ba sani ba kariya. Kuma wajibi ne a rubuta a doka cewa duk wanda ya ji rauni wajen wannan aiki gwamnati za ta yi masa magani, wanda ya rasu a kula da iyalinsa. In ba a yi wannan ba, kada a fara.

Na biyu, kalmar "sa-kai" a yankinmu tana da nauyi, mun san abin da ya faru da sunanta a harkar tsaro. Shi ya sa na ce 'yan agajin gobara. Babu bindiga, babu gora, babu kama mutum, babu yanke tara. Gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa ta nuna a 2023, da ta kafa dakarun tsaron al'umma, cewa jiha na iya ɗebo matasa daga garuruwansu ta horar da su. Wannan ya fi wancan sauƙi nesa ba kusa ba, amma a raba su, kowa da aikinsa.

Na uku, kuma shi na fi tsoro: siyasa. Ranar da aka ce akwai alawus na wata-wata, ranar jerin sunaye zai koma gidan shugaban jam'iyya, a cika shi da yaran da ke zaune a Kano da Abuja, injin kuma ya ɓace zuwa gonar wani. Don haka ni ban goyi bayan albashi ba. A ba su kati da riga, a ba su kuɗin abinci ranar horo, a sa su a inshorar lafiya, a ba su fifiko idan za a ɗauki ma'aikatan kashe gobara. Kayan kuma a ƙirga su gaban jama'a duk shekara.

Na huɗu, za a ce ɗan ƙaramin sani yana sa mutum ya jefa kansa a halaka. Shi ya sa darasi na farko shi ne sanin inda za ka tsaya. Tankar mai, gidan mai, taransifoma, sito mai sinadarai, waɗannan ba na ɗan agaji ba ne. Aikinsa a nan ya kori mutane nesa ya kira ƙwararru. Mu tuna Majiya ta jihar Jigawa, Oktoba 2024, inda mutum sama da 150 suka rasu, akasarinsu wajen kwasar fetur daga tankar da ta faɗi. Da akwai mutum goma da gari ke jin maganarsu, suka tsaya suka ce kowa ya ja da baya, Allah kaɗai Ya san rayuka nawa za su tsira. Hanyoyinmu ma tankokin nan suke bi kullum.

Na biyar, wani zai ce gobara ƙaddara ce. Haka ne, mun yi imani. Amma ya inganta a Bukhari da Muslim cewa wani gida ya ƙone da mutanensa cikin dare a Madina, da labari ya kai ga Manzon Allah (SAW) sai ya yi umarni a riƙa kashe wuta idan za a kwanta barci. Ke nan ɗaukar mataki koyarwar addini ce. Ina roƙon limamanmu su ware huɗuba ɗaya a farkon kowane hunturu kan wannan.

Ba sai mun jira Katsina ba. Ƙungiyar ci gaban garinku za ta iya rubuta wa tashar kwana-kwana mafi kusa takarda a makon nan, ta roƙi a turo jami'i ɗaya ya yi wa matasa bita ranar Asabar, ku ɗauki nauyin man babur ɗinsa da abincinsa. A sanina da ma'aikata, wanda aka girmama aka gayyata don ya koyar da abin da ya iya, da wuya ya ƙi. Idan gari biyu ko uku suka fara aka ga amfani, sauran za su biyo, gwamnati ma ta fi saurin shiga abin da ta ga ya riga ya tsaya da ƙafarsa.

Wanda ya san kansilansa ko ciyaman ɗinsa ya tura masa wannan. Idan a cikinku akwai jami'an kashe gobara, ku gyara mini inda ya kamata a ƙara, ku kuka san aikin. Wanda garinsu ya riga ya fara irin wannan kuma ya gaya mana yadda suka yi mu koya.

Allah Ya tsare mana rayuka da dukiya, Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da mafificin alheri, Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Allah Ya ba mu zaman lafiya a jihar Katsina da Nijeriya baki ɗaya. Amin.